Idan bai taka ba, shike nan bai ji daɗin duniya ba?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a yi min afuwa, rubutuna zai ɗan yi tsawo. Ɗana shekararsa bakwai da wata huɗu. Kwana biyu na yi ina naƙuda a gida kafin a kai ni asibiti, da aka ciro shi bai yi kuka ba sai da aka daɗe ana fama. Yana wata takwas wuyansa bai tsaya ba, likita ta ce ƙwaƙwalwarsa ce ta samu rauni, ta rubuta CP a kati, wato cerebral palsy, larurar da ke hana gaɓoɓi motsi yadda ya kamata. Tun yana shekara ɗaya nake goya shi zuwa gashin ƙashi, Litinin da Alhamis. Ɗan kunnena na aure ya tafi, keken ɗinkina ya tafi. Har yau bai zauna da kansa ba. Yau a layi wata mata ta dube shi ta ce, "Baiwar Allah, har yanzu bai taka ba? Kai, wannan ai ba rayuwa ba ce." Kuma yaron nan yana jin magana sarai. Na dawo gida na shiga ɗaki na yi kuka na ƙoshi. Da la'asar ƙannensa suna wasan ɓuya a tsakar gida, shi yana kwance a tabarma yana bin su da ido, ya yi ta ƙyalƙyala dariya har ya shaƙe. Sai na rasa wane ne a wahale, ni ko shi. Don Allah ku faɗa min gaskiya, yaron da ba zai taka ba yana jin daɗin duniya kuwa? Ko ni ce nake yaudarar kaina?

Ummu Hanan: Wa alaikumus salam. Allah ya saka miki, Maman Sadiq. Wallahi kamar labarina kika rubuta.

Hajiya Admin: Babu afuwar da za a nema, don irin wannan aka buɗe zauren. Masu gashi da likitocin da ke cikinmu, bismillah. Roƙo ɗaya: kar kowa ya turo tallar magani.

Malam Mai Gashi: Maman Sadiq, sannu da ƙoƙari. Tunda gaskiya kika nema, zan faɗa, ki yi haƙuri da ni. Ban ga yaron ba, amma abin da aka sani shi ne, yaron da ya iya zama da kansa kafin ya cika shekara biyu galibi yana takawa. Wanda ya wuce shekara huɗu bai zauna ba, da wuya ya yi tafiya da ƙafarsa. Muna da ma'auni mai mataki biyar da aka fito da shi a Kanada a 1997. Na mataki na 1 yana tafiya, har gudu yana ɗan yi. Na 3 sai da sanda ko abin dafawa. Na 5 ko wuyansa ba ya riƙewa sai an tallafe shi. Yawanci yaro a matakinsa yake zama, gashi ba ya ɗauke shi daga na 5 zuwa na 2. Laifinmu ne mu ma'aikata da ba ma zaunar da iyaye mu faɗa musu wannan tun da wuri. Layi ya yi tsawo, sai ka ce "a ci gaba da zuwa", uwa kuma ta ɗauka alkawari ka yi mata.

Ba ina nufin ki daina gashi ba. Amfaninsa a wurin Sadiq shi ne kar gaɓoɓi su ƙage, kar ƙugu ya goce, ya samu zama mai kyau, ya iya amfani da hannun da ya fi masa sauƙi.

Maman Sadiq: Innalillahi. Shekara shida ba wanda ya taɓa faɗa min haka.

Anti Zee: Haba Malam, ya za ka kashe wa baiwar Allah gwiwa? Ikon Allah ya fi gaban ma'aunin Kanada. Akwai yaro a unguwarmu sai da ya shekara tara ya miƙe.

Malam Mai Gashi: Anti, ban musa ikon Allah ba. "Da wuya" na ce, ban ce "ba zai yiwu ba". Amma na ga gidan da aka sayar da gona saboda jiran ranar nan, yaron kuma ko kujerar zama ba a yi masa ba.

Dakta Binta: Bari in shigo ta nan, don tambayar Maman Sadiq ba ta tafiya ba ce, ta jin daɗi ce, kuma an taɓa tambayar yaran da kansu. Wani babban bincike da aka yi a Turai mai suna SPARCLE ya haɗa yara 818 masu wannan larura, 'yan shekara 8 zuwa 12. Guda 500 daga cikinsu sun iya amsa tambayoyi da kansu: kana farin ciki? kana da abokai? yaya kake ji a gida, yaya makaranta? Mujallar Lancet ta buga sakamakon a 2007, kuma ya ba mutane mamaki, domin amsoshin yaran sun yi kusan daidai da na sa'o'insu masu lafiya. Abin da ya fi rage musu jin daɗi ta kowane ɓangare shi ne ciwo. Raɗaɗi a jiki. An kuma lura iyaye sukan auna rayuwar ɗansu ƙasa da yadda shi yake ganinta, musamman iyayen da damuwa ta yi wa yawa. Da aka sake bibiyar yaran bayan sun zama matasa, inda suka gaza sa'o'insu shi ne wajen abokai.

Don haka tambayar da nake fara yi wa uwa ita ce, yana barci da dare? Yana kuka in ana sa masa wando? Kwana nawa yake yi bai yi bayan gida ba? An taɓa buɗe bakinsa an duba haƙoransa?

Baban Hanif: Dakta, da girmamawa, wannan bincike na mutanen da gwamnati ke kai wa keken guragu har gida ne, motar makaranta ta zo ta ɗauki yaro. Ki zo ki yi wa ɗana wannan tambayar a ɗakin haya guda ɗaya, ba wuta, zafin watan Afrilu, maganin farfaɗiya ya ƙare ba a yi albashi ba. Sannan ke da kanki kin ce 500 cikin 818. Sauran 318 ɗin fa? Ai su ne irin 'ya'yanmu, waɗanda ba sa magana. Ni ba na son a riƙa lallashinmu da alƙaluman Turawa.

Dakta Binta: Ka yi gaskiya a duka biyun, Baban Hanif. Waɗanda ba su iya amsawa ba iyayensu ne suka amsa musu, kuma wannan rauni ne a binciken. Ban kawo shi don in ce yaranmu suna cikin daula ba. Abin da na ɗauka a ciki shi ne, nakasar ita kaɗai ba ita ke yanke hukunci ba, abubuwan da ke kewaye da ita ne. Kai ma abin da ka lissafa ke nan: zafi, magani, kuɗi, ɗaki. Ba ka ce "don bai taka ba".

Baban Hanif: To, na karɓi wannan. Amma duk abin da na lissafa kuɗi ne.

Dakta Binta: Wasu kuɗi ne, wasu ba kuɗi ba ne. Wata ƙididdiga da aka tattara a 2012 ta nuna cikin yara huɗu masu wannan larura, uku suna fama da ciwo. Ɗaya cikin uku ba ya tafiya, ɗaya cikin uku ƙugunsa yana gocewa, ɗaya cikin huɗu ba ya magana, ɗaya cikin huɗu yana da farfaɗiya, ɗaya cikin biyar barci yana ba shi wahala. Ku duba, masu ciwo sun ninka marasa tafiya, amma duk hankalinmu yana kan ƙafa. Ciwon nan sau da yawa taurin bayan gida ne, ko abinci da ke dawowa ya ƙona maƙogwaro, ko ruɓaɓɓen haƙori, ko gyambon kwanciya a gefe ɗaya. Ƙarin ruwa, ganye a miya, gwanda, juya shi in ya daɗe a kwance, goge baki safe da dare. Waɗannan ba sai an yi albashi ba.

Abba POS: Salam. Ku yi haƙuri ina rubutu a hankali, da yatsa ɗaya nake yi. Ni ba uba ba ne, ni ne yaron. Shekarata 29, da sanduna biyu nake tafiya, maganata kuma sai wanda ya saba da ni yake ganewa.

Maman Sadiq, in kin yarda in ba ki amsa. Ban taɓa zama ina kukan rashin gudu ba, don ban san shi ba balle in yi kewarsa. Abin da har yau yake min zafi guda biyu ne. Na farko, duk ranar suna ko biki a gidanmu, sai a kai ni ɗakin kakata a ja labule, a ce kar hayaniya ta dame ni. Ina jin kiɗan ƙwarya, ina jin ƙamshin waina, ina kallon ƙafafun mutane ta ƙarƙashin labule. Na san ba don hayaniya ba ne. Na biyu, wani mai ɗori da aka kai ni wurinsa ina ɗan shekara takwas, ya ɗaure min ƙafafu da kara da tsumma wai zai miƙar da su. Kwana uku ban runtsa ba, kuma ba wanda ya tambaye ni, ana ta cewa in daure.

Abin da na fi jin daɗi kuwa, yayana yana saka ni a baron da yake tallan rake da shi, ya tura ni gidan kallon ƙwallo. A can ba wanda ya damu da ƙafata, ana tsokanata ne in ƙungiyata ta sha kashi, kamar kowa. A nan na koyi musu, a nan na yi abokan da nake da su har yau.

Ummu Hanan: Abba ka sa ni hawaye. Wallahi ni ma ina kai 'yata ɗaki in baƙi sun zo. Ina ganin kamar kare ta nake yi daga idon mutane.

Abba POS: Anti, ta sani. Ko ba ta magana ta sani. Kuma in mutum ya zo ya ce miki "me take so?", ki ce masa ga ta nan, tambaye ta. Har yanzu in na je banki da ƙanena, shi ake yi wa magana a kan kuɗina.

Maman 'Yan Biyu: Ni matsalata surukata ce. Ta dage wai ɗana ɗan ruwa ne, aljanu ne suka musanya min shi, a kai shi bakin kogi a ajiye a ga ko zai koma. Maigidan ba ya iya musa mata. Ko kwano ɗaya ta hana ya ci da ɗan uwansa.

Malam Na Zaure: Subhanallahi. 'Yar uwa, wannan ba addini ba ne, kuma duk wanda ya ajiye yaro a bakin ruwa ya tafi, rai ya salwantar. Ɗanki ɗan Adam ne, amana ce a hannunku. Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, amma shi Manzon Allah (SAW) yake bar wa Madina ya ja mutane salla in zai yi tafiya. Ku yi masa addu'a, ku tofa masa, ku kuma kai shi asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya. Shawarata, kar ki yi jayayya da ita da kanki. Ki nemi malamin da take jin maganarsa, ko babban wanta in tana da shi, shi ya zaunar da ita.

Dakta Binta: Kuma a faɗa mata ba a ɗauka, ba ta yaɗuwa ta kwano ko miyau. Raunin da ke ƙwaƙwalwar ma ba ya ƙaruwa, sau ɗaya ya faru. Ba shan inna ba ce, ita ƙwayar cuta ce ke kawo ta, kuma tun Agustan 2020 aka tabbatar an kawar da asalinta daga Afirka. A nan wurinmu abubuwan da suka fi jawo CP su ne wahalar haihuwa da ta hana jariri iska, shawara mai tsanani a makon farko, haihuwar bakwaini, sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Amaryar Gwammaja: Dakta ki gafarce ni na katse. Ƙanwata ta haihu kwana huɗu, idon jaririn ya yi ɗorawa, tun jiya ba ya kama nono sosai. Inna ta ce a riƙa shanya shi a hantsi a ba shi ruwan gulukos.

Dakta Binta: A ajiye waya a kai shi asibiti YANZU, kar a jira safiya. Jaririn da ya yi ɗorawa kuma ya rage shan nono ba na hantsi ba ne. Za a auna jininsa a sa shi a ƙarƙashin fitila, in ta yi yawa a canja masa jini. A cire kafur daga kayansa, kar a shafa masa lalle, don wasu jariran suna da gadon wani rauni a jini da waɗannan ke tayarwa.

Amaryar Gwammaja: To Dakta, na kira mijinta, sun fita neman adaidaita.

Hajiya Admin: Allah ya ba shi lafiya. Ki sanar da mu.

Inna Ta Maraɗi: Ina gaida mutanen Najeriya. Jikata ce, ɗiyar ɗiyata, ni ka riƙon ta. Abin da ya sauya muna rayuwa kujera ce. Da kwance take wuni, in za a ba ta kunu sai a yi mata ɗura, tana tari tana shaƙewa, kowane wata muna likita da ciwon ƙirji. Wata ma'aikaciya ta hana mu ɗura, ta ce abincin huhu yake tafiya. Ta gwada ma kafinta ya yi kujera mai kusurwa, da ɗan katako tsakanin cinyoyi da tebur a gaba. Yanzu zaune take ci, kai ya ɗan sunkuyo, kunu mai kauri da ƙuli-ƙuli ko ƙwai a ciki, ƙaramin cokali. Muna kai minti arba'in, amma tarin ya ragu, ta yi kumari. Kuma da marece ƙofar gida muke fiddo ta da kujerar, yaran makwabta su jera mata marafan kwalba bisa teburin.

Malam Mai Gashi: Inna ta gama magana. Wanda ba shi da kuɗin katako, ana yin irinta da kwali: a jera kwali fale-fale a manne da kokon fulawa ko na rogo, a lulluɓe da takardar buhun siminti, a shanya ta bushe. Tana ɗaukar yaro sarai in dai ba ta jiƙe ba. Amma mai gashi ya auna yaron tukuna, kujerar da ba ta dace ba tana karkatar da baya.

Maman Khairat: Duk kun yi maganar yaro, ba wanda ya yi maganar uwa. Ni saboda Khairat aurena ya mutu, danginsa suka ce daga wajenmu aka kwaso. Shekararta goma sha ɗaya, ni nake ɗaga ta in kai ta banɗaki, bayana ya gama lalacewa. Rabona da barcin awa biyar a jere na manta. Ranar da na gaji ina yi mata tsawa, sai in ga ta yi shiru tana kallona, in kwana ina neman gafarar Allah. Ku maza da ke zauren nan, nawa ne a cikinku suka taɓa canja wa yaron nan ƙunzugu?

Baban Hanif: Ni ina yi, Hajiya. Daga isha'i zuwa ƙarfe biyu nawa ne, ita ta kwanta. Amma ba zan kare maza ba, a layin gashi in ka ƙirga mata talatin da ƙyar ka ga namiji biyu. Abokaina ma da farko dariya suke min in na goyo shi a kafaɗa zuwa masallacin Juma'a.

Anti Zee: Allah ya ƙara mana irinka. Amma ɗaya ne a cikin dubu.

Dakta Binta: Maman Khairat, abin da kika faɗa ba ƙorafi ba ne, yana cikin maganin Khairat. Uwar da ba ta barci ba za ta iya minti arba'in ɗin da Inna ta ambata ba. In akwai 'yar uwa ko maƙwabciya da za ki koya wa yadda ake ba ta abinci, ko yini ɗaya a mako ta karɓe ki, ki karɓa ba kunya. In kuma kin ga ba kya jin daɗin komai, abinci ba ya shiga, ki faɗa wa likita, wannan ma ana maganinsa.

Maman Khairat: Wa zai karɓe ni, Dakta? Kowa tsoron ta yake kar ta shaƙe a hannunsa.

Ummu Hanan: Wace unguwa kike? Ki min magana ta ciki. Ni na saba da shaƙewar. In muna kusa, ki kawo min ita Asabar, in kawo miki tawa Laraba.

Baban Hanif: Sai makaranta. Makarantu uku na kai Hanif, duk suka ce iyayen yara za su kwashe 'ya'yansu. Alhali akwai dokar hana wariya ga masu nakasa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, har an ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya wuce, ku je ku ƙirga matattakala.

Abba POS: Yaya, ni ba doka ce ta shigar da ni aji ba, wani malami ne da ya ce a dawo da ajinmu ƙasa. Kusan rabin masu larurar nan fahimtarsu lafiya lau take, bakin ne ko hannun ke ƙin bin umarni. A gwada yaro kafin a yanke masa hukunci.

Amaryar Gwammaja: An kwantar da jaririn, yana ƙarƙashin fitila. Sun ce da an kai gobe da sai canjin jini. Na gode Dakta.

Maman Sadiq: Salam 'yan uwa, kwana biyu ban leƙo ba, ina ta karantawa ina maimaitawa. Malam Mai Gashi, ranar na ji haushinka, ba zan ɓoye ba. Jiya na yi abin da ban taɓa yi ba. Na ce Sadiq, in eh ne ka kalli sama, in a'a ne ka kalli ƙasa. Na bi jikinsa ina taɓawa ina tambaya, nan yana ciwo? Da na zo ƙugunsa na hagu ya kalli sama, ya sake kallon sama. Shekara nawa yana kuka in ina sa masa wando, ina cewa rigima ce. Na faɗa a wurin gashi yau, sun rubuta mana hoton ƙugu, sai Talata. Na kuma je wurin malamin Islamiyyar ƙannensa, ya ce in kawo shi, zai sa shi a gaba. Matsalar akwai kwata mai faɗi a ƙofar makarantar, kuma ya yi min nauyin tsallakawa da shi a baya.

Malam Mai Gashi: Haushin ya halatta, Hajiya. Kafin hoton ya fito kar a tilasta buɗe ƙafar hagun nan, ko a gida ko a wurin gashi. In zai kwanta a gefe, a sa matashi tsakanin gwiwoyinsa.

Abba POS: Anti, kwatar taku nawa ce? In ba ta wuce taku uku ba, katako biyu masu kauri da ƙusa sun isa, haka aka yi a ƙofar shagona. Ki auna da igiya ki turo min, akwai ragowar katako a wurina. Baro kuma ko na masu ruwa ne a ara, a shimfiɗa bargo a ciki.

Maman Sadiq: Zan aiki ƙaninsa ya auno bayan la'asar.